Neman Hannun Baba a Damagaram

Tun da na dawo daga Damagaram ban huta da tambaya ba. A masallaci a tambaye ni, a wurin mai shayi a tambaye ni, har wanda bai taɓa yi mini sannu da aiki ba sai ya tsaya a ƙofar shago ya ce, "Habibu, wai da gaske kwamfuta ka kai asibiti Faranshi?" Na gaji da maimaitawa, kuma na lura kowa yana ƙara wa labarin gishiri, har an fara cewa a ka na ɗauke ta na taka da ƙafa. To ga yadda aka yi, wanda ya sake tambaya in miƙa masa ya karanta.

Ni aikin babbar riga nake yi a Gwammaja. Mahaifina, da kowa ke kira Baba Mai Zane, ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana zana aska da tambari a jikin riga da alƙalami da tawada, masu allura su bi zanen da zare. Da sojoji suka koma bariki farar hula suka hau, sai kasuwarmu ta buɗe. Kowane ɗan takarar kansila yana son riga mai aska takwas, kuma jibi yake son ta. Hannu ba zai iya ba. Sai na sayi injin aiki mai kwamfuta, wanda aka taɓa amfani da shi, wurin wani ɗan kasuwa da ya shigo da guda biyu daga Kwatano. Ɗaya ya zo Gwammaja, ɗaya ya wuce Damagaram wurin wani tela mai suna Malam Isufu. Faifan furogiram ɗin da ke sarrafa injin guda ɗaya ne, aka ɗora mini a kwamfutata, faifan ya bi ɗan'uwansa.

Na lallaɓi Baba ya zana mini duk abin da ya iya a kan farin ƙyalle, muka shigar da su cikin kwamfuta ɗaya bayan ɗaya. Allah ya sa mun yi da wuri, don ba a jima ba idonsa ya tafi gaba ɗaya. Ƙyallayen kuma damina ta zubo ta rufin shago ta narkar da tawadar. Ya zama hannun Baba babu shi a ko'ina sai cikin akwatin kwamfutar nan. Duk ranar Juma'a da hantsi yakan dogara sanda ya zo shago, ya zauna a benci, in miƙa masa rigunan da muka gama ya bi su da yatsa. Idan ya zo kan tambari, wato zagayen nan mai kama da naɗin tabarma, sai ya tsaya a wutsiyarsa. Tambarin Baba ba ya ƙarewa sak, wutsiyar takan ɗan karkata ciki kaɗan kafin ta tsaya. Da ya taɓa wurin sai ya ce, "To, madalla," ya ajiye rigar.

Wanda ya jawo mini tafiyar nan ƙanen matata ne, Nafi'u, da ke gyaran kwamfuta a Kabuga, ana ce masa Injiniya. Ya zo ya ga tawa ya kama baki.

"Yaya, wannan sistem ɗin ai tun zamanin soja ne. Kowa ya koma sabo. Bari in yi maka fomatin, in share tsohon in ɗora maka na yayi, za ka ga gudu."

Na ce zanen Baba fa? Ya ce ya kwafe su a filofi, ƙananan faya-fayan ajiya, ba abin da zai taɓa su. Na yarda, don ni ma na gaji da yadda take yin minti-minti kafin ta buɗe ido.

Sabon sistem ya hau, kyakkyawa, har da kiɗa idan an kunna. Amma furogiram ɗin injina ya tafi tare da tsohon, kuma Nafi'u ya ce ko da yana nan ma ba za su jitu ba. Bai damu ba, ya samo mini sabon fitowa na furogiram ɗin. Wannan ya buɗe zanen Baba tsaf, sai dai yana da shisshigi. Duk layin da ya ga ya karkata sai ya miƙar da shi da kansa, ba tare da ya tambayi kowa ba. Masu siyasa ba su lura ba, wasu ma cewa suka yi aikin ya ƙara fita. Ranar Juma'a Baba ya zo, ya bi riga da yatsa, ya zo wutsiyar tambari ya tsaya. Ya koma baya ya sake bi. Ya karɓi ta biyu, haka.

"Auta, wa ya zana wannan?"

"Zanenka ne, Baba."

"A'a."

Ya lalubi sandarsa ya tafi. Na yi ƙoƙarin karkata wutsiyar da kaina a cikin kwamfuta na kai masa gida, ya taɓa ya ce wannan karkata ce kawai irin ta mai koyo. Daga nan ya daina zuwa shago. Abinci ma sai an yi da gaske, magana kuwa daga amsa gaisuwa ba ƙari. Ba zan ɓoye ba, na ji haushi. Na ce a raina tsufa ne da son a ce shi gwani ne, don wata 'yar lanƙwasa da ba ta kai ƙwayar shinkafa ba. Amma haushin bai hana ni ganin yana ramewa ba, kuma tsoro ya kama ni kada ya tafi yana ganin na zubar da hannunsa. Nafi'u ya kewaye Kano neman tsohon faifan bai samu ba, har ya daina haɗa ido da ni. Shi ya ce mini, murya ƙasa-ƙasa, sai dai ko Damagaram.

Na naɗe akwatin kwamfutar a bargo, na zuba filofin Baba a aljihun gaba, na nufi tashar Ƙofar Ruwa da sassafe. Rigimar farko da direba aka yi ta. Ya ce kaya but ake sa su, na leƙa but ɗin na ga jarkokin manja da buhun daddawa, na ce ko sama da ƙasa za su haɗu ba za ta shiga nan ba. Na rungume ta a cinya. Kusa da ni wata 'yar kasuwa ce, Hajiya Ladi, mai kai atamfa da robobi Damagaram tana sayo kilishi da cuku. Mace mai jiki, mai baki, ta san kowane ɗan sanda a hanyar da sunan garinsu. Tun kafin mu kai Kazaure ta gama tatsar labarina.

"Ai ka yi daidai, ɗana," in ji ta. "Tsoho in ya yi shiru, to ka tashi tsaye. Amma ka ɗan janye gefen majinyacin nan, yana sukar haƙarƙarina."

Daga nan kowa a motar ya koma ce wa kwamfutar majinyaci. In mun faɗa rami sai wani daga baya ya ce a yi wa majinyaci sannu. A Daura muka tsaya aka sha fura, ni da hannu ɗaya na sha, don na ƙi ajiye ta a ƙasa. Ƙafata ta yi tsami har ban san da ita ba.

A Kongolam, bakin iyakarmu, ba a wahalar da mu ba. Muna tsallakawa Ɗan Barto sai abin ya sake. Su can in an ce a sauka a yi layi, to layi ake yi, ba mai cewa ka san ko ni wane ne. Wani ma'aikacin duwan, wato kwastan ɗinsu, dogo siriri, ya sa na kwance bargon. Ya zagaya akwatin yana kallo.

"Ina talabijin nasa?"

Na ce na bar ta a gida, ciwon ba a can yake ba.

"Sayarwa za ka yi?"

Na fara bayani tun daga hawan farar hula, na shiga maganar fomatin, ina gani idonsa ya fara lumshewa. Hajiya Ladi ta ture ni gefe ta ce, "Ranka ya daɗe, zanen mahaifinsa ne a ciki, tsohon ya makance, yaran zamani sun lalata. Gyara za a yi a dawo." Mutumin ya dube ni ya ce mahaifin nawa yana da rai? Na ce yana nan. Ya ce in naɗe abina in yi sauri. Har ya riƙe mini gefen bargon.

Muka wuce Matamai muka shiga Damagaram rana ta take. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne garin tsit, shaguna a rufe kamar an yi rasuwa. Na tambayi Hajiya lafiya? Ta ce hutun rana ne, kowa ya tafi gida ya ci abinci ya kwanta, sai la'asar. Na ce a Kano wanda ya rufe shago da azahar ya kwanta, kafin ya farka maƙwabcinsa ya kwashe masa masu ciniki. Ta ce shi ya sa hawan jini ya fi yawa a wajenmu.

Ta kai ni gidan da take sauka a unguwar Zango, gidan wani dattijo mai karɓar baƙin 'yan kasuwa. Aka ba ni ɗakin zaure, aka kawo dambun zogale da wani burodi dogo kamar sandar makiyayi, mai tauri, na gutsura sai da dasashina ya yi jini. Sai shayi a ɗan ƙaramin kofi. Na shanye na miƙe zan tafi neman Malam Isufu, mai gidan ya ce in zauna, wannan na fari ne, akwai na biyu da na uku, kuma ba a tashi a tsakani. Na zauna ina ƙuna a ciki. Wani abin da ya ƙara mini takaici, fankar ɗakin tana ta juyawa tun shigata ba ta tsaya ba. Na ce wa mai gidan injin wutarku na da ƙarfi, ya ce ba inji ba ne, kuran ne, wutar gari, kuma ai daga wajenku ake kawo mana ita. Ban amsa masa ba, don in na buɗe baki zan faɗi abin da bai kamata baƙo ya faɗa ba.

Washegari na sami shagon Malam Isufu a cikin Birni. Mutum ne gajere mai fara'a, tabarau a kan hanci. Ina shiga na ga ɗan'uwan injina a tsaye, na ji kamar na ga dangi. Sai na kai ido kan allon kwamfutarsa. Sabon sistem ɗin nan ne, mai kiɗa.

"Ɗan ƙanena ya sa mini," in ji shi da alfahari. "Yanzu ordinatar," wato kwamfuta, "da kansa yake gyara layi. Ba ka ga aiki ba?"

Ashe kowane gida da Nafi'unsa. Na zauna a kan kujerar ɗinki na ba shi labari. Bai yi dariya ba. Ya cire tabarau ya ce shi ba shi da zanen gado, daga littafin samfur yake ɗauka, shi ya sa bai ji ciwon ba. Na ce tsohon faifan fa? Ya sosa ƙeya.

"Malam Habibu, tashi mu je wurin Ɗan Tanin."

Ɗan Tanin maƙwabcinsa ne, mai kilishi. A wani fili bayan gida yake shanya nama a kan gadajen kara, shirwa kuma ta addabe shi. Dabarar da ya samo ita ce ya ja igiya a saman shanyar ya rataye tsofaffin faya-fayan sidi, iska na juya su suna walƙiya, tsuntsu ya kasa sauka. Da ɗan ƙanen Malam Isufu ya ce tsofaffin faya-fayai ba su da sauran amfani, sai ya tattara ya ba maƙwabci. Na ɗaga kai na ga abin da na baro Kano dominsa yana lilo a rana, cikin 'yan'uwansa masu yawa, na waƙoƙi da na wa'azi da na fina-finai, duk rana ta cinye rubutun jikinsu.

Ɗan Tanin bai so ba da farko. Ya ce in muka sauke masa masu gadi wa zai tsare nama? Sai na zama mai gadin. Ina tsaye da sanda ina korar shirwa, Malam Isufu yana kwance faifai ɗaya-ɗaya yana karkata shi a rana ko zai gane alamar. Ni, mai shago a Gwammaja, da riga mai aiki a jikina, ina tsalle ina "has, has" a ƙasar mutane. Wata ta shammace ni ta sure yanka guda, Ɗan Tanin ya ce mutanen Kano baki ne kawai. Daga ƙarshe Malam Isufu ya ɗaga wani da ɗan zanen allura a gefe, duk maiƙo da ƙurar yaji. Allah ya taimaka ta ramin tsakiya aka zura igiyar, ba a huda shi ba.

Muka wanke shi da sabulu, muka goge ƙarzunan da man goge baki, dabarar da Malam Isufu ya ce ta masu kaset ce. Ya aika aka kira ɗan ƙanen nasa, wani magidanci mai suna Musa, ya zo yana mamakin mutumin da zai tsallako iyaka don a mayar da shi baya. Ya ce faifan na Faransanci ne, kuma bai yarda zai zauna lafiya a kan sistem na Ingilishi ba, gara a share komai a ɗora tsohon sistem na Faransanci gaba ɗaya. Na ce ko na aljanu ne a ɗora.

Malam Isufu ya ba da aron allonsa da injinsa, ya rufe shago ya zauna tare da mu, hutun ranar ma ya fasa. Sistem ya hau lafiya. Aka zura faifan kilishi. Ya yi gurnani, wani shuɗin layi ya fara tafiya a allon, ya wuce rabi ya tsaya cak. Musa ya fitar ya hura masa iska ya goge da gefen riga ya mayar. Ya sake tsayawa a wurin. Na fita waje na tsaya a jikin bango, ban san sanda hawaye ya zubo mini ba, don a lokacin fuskar Baba kawai nake gani yana lalubar sanda. Malam Isufu ya leƙo ya ce in shigo in daina wa Allah gaggawa. Aka sake wankewa, aka sake gogewa, aka mayar. Layin ya zo wurin ya yi jim, ya yi kamar mai tunani, ya wuce.

Na zura filofin Baba. Muka ɗaura ƙyallen shadda a injin Malam Isufu, allura ta kama aiki. Da ta zo wutsiyar tambari na ga ta ɗan lanƙwasa ciki. Malam Isufu ya duba ta cikin tabarau ya ce, "Wannan ce? 'Yar wannan?" Na ce ita ce. Ya girgiza kai, amma ya ce in tafi da faifan, ya fi amfani a Gwammaja. Ɗan Tanin na ba shi wani faifan waƙoƙi da na saya a bakin kasuwa, ya ce wannan ya fi walƙiya ma. Musa kuma ya raka ni da gargaɗi, ya ce tsohon sistem sai tsohon akwati, ran da wannan ya mutu sababbin ba za su karɓe shi ba, in lallaɓa shi.

Dawowa ba wani labari, sai dai na sake samun dogon nan na duwan, ya ce yaya majinyaci, na ce ya samu sauƙi. Ashe har shi Hajiya Ladi ta koya wa sunan. A Kano Nafi'u ya zo ya haɗa wayoyi, ya kunna, ya ga allo cike da Faransanci ya ce, "Yaya, wannan ko zan taɓa ma ban san ta ina zan fara ba." Na ce abin da nake so ke nan. Har yau ban san me take cewa ba in ta fito da saƙo, na dai haddace cewa maɓallin hagu shi ne e.

Ban jira Juma'a ba. Na ɗauki ƙyallen da muka ɗinka a Damagaram na shiga wurin Baba da hantsi. Yana zaune a kan buzu a bakin ɗakinsa, kokon kunu a gefe bai taɓa ba. Na gaishe shi na ɗora masa ƙyallen a cinya. Ya bi aska, ya gangaro kan tambari, ya zagaya a hankali har wutsiya. Yatsansa ya tsaya. Ina jira in ji "To, madalla," sai na ji ya ce:

"Auta, ka zaci tawa ce, ko?"

Na ce to ta wa ce, Baba?

"Ta Malam ce." Mahaifinsa yake nufi, kakana, wanda ya rasu tun Baba bai yi aure ba. "Da yana koya mini, hannunsa yake ɗorawa a kan nawa mu ja alƙalami tare. In mun zo nan sai wuyan hannunsa ya juya ciki, ya taɓa karyewa a wurin. Ba shi da hoto. Kabarinsa ma ya daɗe da bajewa, ko da ina gani ban iya nuna shi. Amma duk sanda na zo nan ina jin nauyin hannunsa. Ran nan da na taɓa na ji babu, sai na ji kamar a ranar aka fita da gawarsa."

Na yi tafiyar nan duka ina zaton girman kan tsoho na je lallashi.

Ya lalubo hannuna ya kama yatsana, ya ɗora tafinsa a kan bayan hannuna. Hannun ba nauyi, duk ƙashi. Ya ja ni muka zagaya tambarin tare, zagaye bayan zagaye, har muka iso wutsiya, na ji wuyan hannunsa ya juya ciki ya tafi da nawa.

"Ka ji?"

Na ce na ji, Baba.

"To sake," in ji shi. "Wannan karon kai za ka ja. Kuma miƙo mini kunun nan, ya huce."